Kan Sabuwa, Jikin Tsohuwa

A shekarun da Nasara ke yaƙi a ƙasarsu, kayan gyaran mota suka daina zuwa, ni ne makanisiyen bariki a Filinge. Babbar mota ɗaya gare mu, ita ke kwasar geron da ake tarawa a garuruwan Kurfai zuwa Yamai.

Bayan girbi, a hanyar Bonkuku, ruwan moter, wato injin motar, ya ƙone, shofer mai tuƙa ta kuma ya sheƙa masa ruwan rijiya mai sanyi tun moter ɗin yana da zafi. Da shanu aka jawo motar gida. Da na buɗe, sai na ga tsaga a jikin bulok, wato gangar jikin moter inda fistan ke hawa da sauka. Tsagar ta kai taƙi. Na zauna a ƙasa.

Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya zo da tafinta, ya nuna mini wata matacciyar mota a bayan ofis wadda kaji ke ƙwai a cikinta.

Tafinta ya ce, "Ya ce iri ɗaya ne, sunansu ɗaya. Ka ciro na waccan ka sa ma wagga."

Na ce, "Ranka shi daɗe, waccan ta girmi wagga da shekara huɗu. Ban sani ba ko za su hau juna."

Kumandan ya yi magana gajera ya juya. Tafinta ya rage murya: "Kwana goma ya ba ka. In ba ta tashi ba, mutane za a kama su ɗauki geron a ka har Yamai. Kai kuma ka san sauran."

Na san waɗanda ake kamawa. Wana yana cikin masu ƙarfin unguwarmu, ga shi yana fama da tari tun damina.

Bulok ɗin tsohuwar lafiyarsa lau, amma kilas, murfin da ke rufe shi daga sama, tsatsa ta cinye. Sai na ɗora kilas ɗin sabuwar a kansa. Ya zauna daidai, har na fara murna. Da muka kai moter gaban bwat, akwatin canza gudu, ramukan ƙusa huɗu suka haɗu, biyu suka kauce da faɗin yatsa. Wurin ɗaura famfon ruwa ma ba a nan yake ba. Na auna da zare sau biyar, ina fatan ni ne na yi kuskure.

Kwana uku ban iya cin tuwo ba. Matata ta daina tambayata. Duk wanda na gamu da shi a kasuwa sai ya gaishe ni ya ƙara da, "Yaya motar?"

Rana ta shida na tafi wurin kawuna, maƙeri ne, bai taɓa shiga mota ba. Ya zo da sandarsa ya tsuguna, ya daɗe yana leƙawa, yana zura yatsa a ramukan.

Ya ce, "Ramun ga biyu ne ka hana ka barci?"

"Su ne, Kawu."

"Kada ka taɓa babban ƙarfen, in ka huda shi hwashewa zai yi. Mu yi musu gada."

Ya yanko ƙarfe daga ƙashin tsohuwar motar, ya ƙera faranti biyu, kowanne da rami biyu, ɗaya ya kama bulok ɗaya ya kama bwat. Na farkon da ya yi bai zauna ba, ya sake. Famfon ruwa kuma muka mayar da na tsohuwar, na yanka masa jemammiyar fata ta zama abin toshe yoyo.

Rana ta goma da hantsi, mutane sun cika bakin bariki. Na kama maniwel, ƙarfen da ake tayar da mota da shi, na juya, shiru. Na sake, ta yi tari ta mutu. Ban yarda na dubi inda kumandan ke tsaye ba. A juyi na bakwai ta kama, da wata ƙara da ban san ta da ita ba.

Na roƙa a yi mata rabin kaya, aka yarda da ƙyar. Ba a kama kowa ba. Ni na zauna kusa da shofer har Yamai, kunnena a kan moter. Muna tsayawa ina sauka in shafa farantan Kawu in ji ko sun motsa.

A garajin Yamai wani tsohon makanisiye, mutumin Dahome, ya goge gefen bulok da tsumma, ya karanta lambar da aka buga a jiki, ya karanta ta kilas. Ya dube ni.

"Wa ya ce maka waɗannan suna haɗuwa?"

"Babu wanda ya ce."

"Hanyar ruwansu ba ɗaya ba ce. Fistan na baya ba ya samun sanyi yadda ya kamata. Za ta yi tafiya, amma ban san ranar da za ta tsaya ba. Kada ku yi gudu, kada ku yi tafiyar azahar."

Na tambaye shi ko akwai gyara. Ya ce sai an gama yaƙi. Muka cika tuluna huɗu da ruwa muka kama hanyar gida, ga sauran gero na sawu shida yana jiranmu.