Disket ɗin Baba Isufu

Ina zaune a shagona na gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a Arlit, sai Baba Isufu, tsohon sakatare a ma'adinan Akokan, ya dire mini gwangwani cike da disket, faifan ajiyar ordinatar na zamanin da.

Wasannin ordinatar na kyauta ne a ciki, waɗanda ake kwafa hannu da hannu zamanin tawaye, lokacin da kasuwar yuraniyom ta faɗi. Zafi ya kashe yawancinsu. Da na sa wata a tsohuwar na'urata, sai ta buɗe, ɗan kiɗa ya tashi.

Baba ya matso kusa da na'urar, ya kasa kunne.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ɗana, wannan kiɗan ne ya riƙe mini yara a gida. In aka rufe hanyar Agadas gari ya tsorata, su suna ɗaki suna rigimar wa zai buga."

Na kwafe waɗanda suka tsira, na ɗora a ma'ajiyar intanet ta tsofaffin wasanni. Yau babbar 'yarsa ta buga wasan a intanet daga Maraɗi, ta kira shi tana dariya har da hawaye.

Ku duba akwatunan iyayenku kafin ku zubar. Wa ya taɓa riƙe disket a cikinku?