Ranar da Aka Iske Ajin Mushe Abdurrazak Babu Kowa

Ni ce sakatariyar lakwal, wato makarantar koyon kasuwanci da ke bayan tasha a nan Matamaye, kuma ni na buga takardar da ta raba malaminmu Mushe Abdurrazak da ajinsa. Har yau abin na ci mini rai, shi ya sa zan faɗa.

Ɗan garin Tsauni ne, ubansa manomin rake. Ya yi karatu a Damagaram, aka so riƙe shi can, ya ce a'a, gida zai koma. Shekara goma sha tara yana koyar da yadda ake sayo kaya, a ajiye, a fitar kafin su lalace. Mutum ne mai taurin kai, wallahi, ga faɗa, ga riga ɗaya mai ruwan toka da ba ya rabuwa da ita. Ni ma ɗalibarsa ce. Shi ya koya mini tsara wasiƙa, yana bugun tebur yana cewa, "Rakiya, wannan wasiƙa ce ko jerin cefane?"

Ran kasuwa ba ya zaman aji. Sai ya kwashi ɗalibai, ya dasa kowane gefen wani ɗan kasuwa, ya ce kar wanda ya buɗe baki, ido kawai. Da la'asar su dawo ya titsiye su: me ya sa mai tumatir ya karya farashi da azahar? Wa ya fara sayar da rakensa, don me?

Bara aka aiko cewa anspektar zai zo ya duba ko za a sabunta mana takardar izini. Direkta Sadisu, wanda shi ma ta hannun Mushe ya bi, ya roƙe shi a gabana.

"Mushe, don Allah gobe kaɗai, a zauna aji."

"Gobe motocin rake na farko ke shigowa, Sadisu. Sau ɗaya ake ganin wannan a shekara. Baƙonka ya same mu can."

Ai kuwa ya tafi da su. Anspektar ya iso da hantsi, ya leƙa, ya ga kujeru arba'in babu ko mutum ɗaya. Na ce masa suna kasuwa, tafiyar minti biyar ce. Ya dubi takalminsa mai sheƙi, ya ce shi ba kasuwa aka aiko shi ba. Ya rubuta cewa ajin na bogi ne, sunaye ne kawai a takarda. Lokacin da ɗalibai suka dawo da taɓo a ƙafa, motarsa ta daɗe da barin gari.

Alhaji Shekara dillalin rake ya tafi Damagaram da kansa don ya ba da shaida cewa ɗaliban na kasuwa ranar. Aka tambaye shi ina hatiminsa. Hatimi! Mutumin da rabin kasuwa ke jiran bakinsa. Ya dawo jiki a sanyaye.

Amsa ta zo: ko a sauke malamin, ko a rufe lakwal. Sadisu ya kasa haɗa ido da shi, ni ya turo.

Na same shi a aji yana goge allo. Na miƙa masa takardar sallamar. Ya sa tabarau, ya karanta tun daga kwanan wata har sa hannu, a hankali, yadda yake duba aikin ɗalibi. Na tsaya ina jiran ya yi faɗa, wallahi da ya yi da na ji sauƙi.

Ya ninke ta, ya sa aljihu.

"Ke kika tsara, Rakiya?"

"Ni ce, Mushe."

"Ba abin gyara. Kin iya aikinki."

Ya ajiye mini allin da ke hannunsa bisa tebur, ya fita ta ƙofar da ke kallon kasuwa.