Hular Maigidana Ta Sukari

Maigidana mahauci ne a kwatar Oko-Oba, kuma da hula ɗaya duk Agege ta san shi. Yana da wasu a akwati, na Sallah da na Juma'a, amma wadda ya ɗaura wa rai wata kube ce ruwan ƙasa, ta tsufa har zaren bakinta ya tashi. Yakan karkata ta gefen hagu, ya danna tsakiyarta da yatsa, sannan ya fita kamar wanda za a naɗa wa sarauta. A goshinta akwai wani baƙin tabo da ya fi wasu 'ya'yanmu shekaru. Na sha ce masa, "Alhaji, wannan hular ko akuya aka miƙa wa sai ta yi shawara kafin ta ci." Shi kuma ya ce ai dalilin da ya sa yake sonta ke nan, ba mai ɗauke masa ita a masallaci.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Babbar 'yata da ke rubuta wannan ta ce in tsaya in sha ruwa. Ba zan sha ba. Kuka nake yi, ba tari ba.

Allah bai ba mu ɗa namiji ba, mata ne duka. Saboda haka da aka zo rabon gado, tufafinsa suka faɗa cikin kason ƙanensa, wani dillalin fata mai ƙaton kai da sanƙo. Ina cikin takaba a ɗaki ina jin ana fitar da riguna. Ban damu da babbar riga ko ɗaya ba. Amma da na ɗaga kai na ga ƙusar bayan ƙofa babu komai a jikinta, sai na san hular ma ta tafi. Na aika masa cewa ina son hular nan kawai, ya riƙe sauran. Amsar da ya aiko ita ce, mace me za ta yi da hula, ko limanci zan fara? Da na fita takaba na sake tambayarsa baki da baki. Ya ce, "Yaya, abin da Allah ya raba ba ni zan sake raba shi ba." Tun daga ranar nake ganinta a kansa, ta yi masa kaɗan, tana zaune kamar murfin wata tukunyar da aka aro.

Shekara ta zagayo, auren autata ya tashi. Ni da aka kawo ni Legas amarya, da alkaki da nakiya aka rako ni, kuma ba a sa wa komai wuƙa ba sai rago. Yanzu kuwa yarinya ta ce in babu kek ba a yi biki ba. Ta ja ni har wurin mai yinsa, wata Bayarabiya haihuwar Agege, wadda Hausarta ta fi ta jikokina daɗin ji. Ta zaunar da ni, ta buɗe waya tana nuna mini aikin hannunta. Ga wani kamar akwatunan lefe an jera, har da kwaɗo. Ga wani kamar gangar Yarabawa. Ga wani an naɗe shi da jan murjani irin na mutanen Binin. Ga wani kuma huhun goro ne sak, an ɗan buɗe ganyen, farare da jajaye suna leƙowa.

Na ce, "To baiwar Allah, babu wanda ya yi kama da abinci ne?"

Ta yi dariya har da dafa cinya. Ta ce, "Mama, wanda ya yi kama da abinci ba ya yin kyau a hoto."

"Hoton za a ci?"

"Hoton ne ma ya fi daɗewa, Mama."

Auta ta zaɓi na ƙorai, babba a ƙasa, ƙanana a sama, da faifai da ludayi, duk na sukari. Daga nan suka shige ciki suna ƙus-ƙus a kan waya. Ban bi su ba, don an ajiye mini faranti na ɗanɗano, kuma ni ba na barin aiki a tsakiya.

An ɗaura aure da safe a masallaci, da la'asar aka taru a zauren biki. Kek yana can gaba a kan tebur, an lulluɓe samansa da farin mayafi, ƙoran ƙasa kaɗai ake gani. Sun yi kyau, ba zan yi wa matar nan ƙarya ba, har zanen wuta irin na masu gyaran ƙwarya ta yi musu. Wata gwaggon yaran da ta zo daga ƙauye a ƙasar Kano ta miƙa hannu za ta ɗauki ludayin, wai ƙishi take ji, tana zaton fura aka dama. Da ƙyar aka riƙe ta. Ta koma tana mita, wai mutanen Legas rowa gare su, su ajiye ƙwarya su sa mata masu gadi.

Ƙanen maigidana shi ne waliyyi, yana zaune a layin gaba kusa da dangin ango. Ya sha shadda sabuwa fil, ya ɗora hular nan a kai. Na ƙudura a raina ba zan kalle shi ba, don kada in ɓata wa yarinya rana.

Sai mai makirufo ya kira amarya da ango, ya ce akwai abin da amarya ta ɓoye wa mahaifiyarta. Aka yaye mayafin.

Hularsa ce a saman ƙorai. Ruwan ƙasa, a karkace gefen hagu, an danna tsakiyarta. Zaren baki ya tashi a daidai inda ya tashi. Har baƙin tabon goshin matar nan ta kwaikwaya, daga wani hoto da auta ta ba ta. Na ji kamar zai ɗago daga bayan teburin ya tambaye ni ina na ajiye masa tsinken sakace. Na fashe da kuka, ba irin na biki da ake yi ana gyara ɗankwali ba, irin wanda majina ke rakowa. Mutane suka yi ta tafi, su a ganinsu abu ya yi kyau.

Ina cikin share fuska na ga an miƙa wa auta wuƙa. Wata doguwar aba da aka ɗaura wa ƙyalle mai ruwan hoda, wadda in da ubanta ya gani da ya ce ko tuwo ba za ta yanka ba. Ango ya ɗora hannunsa a kan nata, suka ɗaga ta saitin hular.

Ban san lokacin da na isa gaban teburin ba, ni da gwiwa ke hana ni hawa motar haya ta danfo. Na ce, "Kada wanda ya kuskura ya sa wuƙa a kan uban yarinyar nan."

Masu kiɗa suka tsaya. Auta ta sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Mama, kek ne fa."

"Na san kek ne. Tsufa na yi, ban makance ba."

"Don ki ji daɗi na sa aka yi."

"Na ji daɗin. Shi ya sa ba za a yanka ba."

Mai makirufo ya so ya mai da abin wasa, ya ce jama'a a yi haƙuri, babbar kotu ta dakatar da yanka. Aka yi dariya kaɗan. Ango, yaron kirki, ya sauke hannunsa yana kallon takalminsa. Sai ga ƙanen maigidana ya taso yana gyara riga.

"Yaya, don Allah ki zauna. Kina ba mu kunya a gaban surukai."

"Kai ne mai maganar kunya? Ka ɗauke ta gaske ka ɗora a kai, yanzu kuma ta sukarin ma so kake a yanka a ba ka kasonka?"

"Ban ɗauke ba. Gadona ne, malamai suka raba."

"To ga malamai nan zaune, ga surukai. Zaɓi ɗaya. Ko ka cire ta kanka ka ba ni a yanka wannan, ko ka riƙe taka in tafi da tawa."

Hannunsa ya tashi har ya kai kunne, sai ya tsaya. Dattijo, waliyyin amarya, ya buɗe kai a gaban dangin ango, ga masu hoto sun saita shi, ga fitilun zaure da za su haska sanƙon nan har Mushin. Ya maida hannun aljihu. Uwar ango ta cusa fuskarta cikin gyale, kafaɗunta suna rawa. Ya ce shi ba zai yi ciniki da mace a tsakar biki ba, ya koma kujerarsa.

Na juya na ga idon auta ya cika, kwalli ya fara bin kumatu. Nan ne na ji nauyi, amma ƙafata ta ƙi matsawa. Mai kek ce ta zo ta raɗa mini cewa hular daban aka yi ta, tsinke ne ya riƙe ta. Ta zare ta a hankali, ta sa a kwali, ta ɗora mini a hannu. Aka yanka ƙorai, kiɗa ya dawo. Gwaggon ƙauye ta sami ludayinta, ta cinye shi tana cewa ashe ma ba laifi.

A kan cinyata hular ta zo gida cikin keke, ina yi wa direba faɗa a kowane rami. Na ajiye ta a kan ƙaramin tebur kusa da gado. Firij muna da shi, amma a unguwarmu wuta baƙuwa ce, tukwane muke ajiyewa a ciki. Ga damina, ga zafin Legas mai danƙo. Ba a daɗe ba hula ta fara gumi. Kiyashi suka ji labari suka zo da danginsu. Na tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa, suka hau bango suka riƙa faɗowa daga sama. Maƙwabta suna shigowa kallo, wasu su yi wa marigayi addu'a, wasu su tambaya ko ba za a ɗan gutsura ba tun bai lalace ba. Auta ta kira daga gidan mijinta ta ce in ci abin nan kafin ya zama magani. Na ce ta ji da angonta.

Wata rana da hantsi matar ƙanen maigidana ta zo gaishe ni, ta same ni zaune da mafici ina yi wa kek fifita. Gefe ɗaya ya riga ya zube, launin ya gangaro kan tebur. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, har gaisuwar ta manta. Ban san abin da ta je ta faɗa wa mijinta ba, amma na san matar, in ta fara magana ba ta neman numfashi.

Ranar Juma'a bayan an sauko sai ga shi da baƙar leda, da wata dara ja a kansa. Ya ajiye ledar a kan tabarma.

"Ga ta nan. Kin sa duk kwata ana nuna ni da baki. Har yaran da ke ɗaukar nama suna tambayata ko ta sukari ce a kaina."

Na ce, "Allah ya saka da alheri."

"Kuma ba haka na kawo miki ita ba," ya ce yana ɗaga kafaɗa. "Sai da na kai wa masu wankin hula. An wanke, an sa sitaci, an buga ta a kan itace, an ɗinke bakin. Ki duba ki gani, kamar yau aka saya."

Na jira har ƙarar takalminsa ta ɓace. Na buɗe ledar, na kifa fuskata a cikin hular. Ban taɓa gaya wa kowa abin da nake nema a jikinta ba, ko 'ya'yana. Ƙamshin maigidana nake nema. Kitsen shanu, da hayaƙin babbaka, da wani turare mai arha da yake saya a bakin masallaci yana shafawa a kai wai don kada in ce yana ƙarni. Ko da zufar ƙanensa ta hau kai, na tabbata da na tono nasa a ƙasa. Na shaƙa, na sake shaƙa. Sabulu ne kawai.

Na yi kukan da ya fi na ranar biki. Da na gaji, na ɗauko wuƙar kicin, na karkaɗe kiyashi, na yi bismilla na yanka ta sukarin da hannuna. Cikinta na kwakwa ne, ya ɗan yi tsami a gefe. Na ci da shayi, ranar da kashegari da wadda ta biyo baya, ban ba kowa ba. Cikina ya yi ta ƙugi kusan mako, ban kuma yi nadama ba.

Da Sallah ƙanen maigidana ya zo gaisuwa da iyalinsa. Ya zauna, ya ci naman da na soya, ya waiga ya hango hular a rataye a ƙusarta. Ya ce, "Yaya, to hula ta yi?"

Na ce, "Ta yi tsabta."

Ya ce ai ya sani, masu wankin nan ba su da na biyu a Agege. Na ƙara masa nama, na zaɓo masa mai jijiya.