Ranar da Alƙali Ya Gyara Mini Waƙa

Alƙalin garinmu, can gefen Maska, mawaƙi ne kafin ya naɗa rawani. Da ƙuruciya shi ke bin gayya da ganga, yana caccakar mai gari kan dammunan dawar da yake ƙwace wa talakawa. Daga baya ya jingine ganga, ya tafi Zazzau karatu, ya dawo malami, aka ba shi alƙalanci. Waƙoƙinsa kuwa suka maƙale a bakinmu.

Wata damina muna noman gayya, rana ta yi zafi, sai bakina ya ɗauko guda. Ashe baran mai gari na tsugune bayan kuka. Kafin la'asar saƙo ya iso: a kore ni daga gari, a karɓe gonata, ga dawa ta fara fid da kai. Ina zan kai tsohuwata da 'ya'ya?

Washegari aka gurfanar da ni a zauren alƙali, mai gari na zaune kan buzu yana hararata. A shari'ar zagi sai an maimaita maganar a gaban kowa. Bara ya ƙi faɗa, wai bakinsa ba zai iya ba. Alƙali ya dube ni.

"Kai, rera abin da ka rera."

"Allah gafarta Malam, na manta."

"Rera."

Na fara, murya kamar ta ɗan akuya. Da na zo inda ake cewa ɓarawon dami, tsoro ya sa na ce mai son dami.

"Tsaya," in ji alƙali. "Ba haka na tsara ta ba."

Ya gyara zama, ya rera baitin nan sarai, da ɓarawon da komai, idonsa cikin na mai gari. Wallahi na fi jin tsoro a lokacin.

"Mai waƙa ga shi a zaune," ya ce. "Wannan aro ya yi. In da kora, da ni za a fara. Tashi ka tafi gonarka."

Na girbe dawata lafiya. Ina cikin ɗaurin dami na hango shi a hanyar Zazzau, kan jaki, littattafai a gafaka, kansa ba rawani, an tuɓe shi. Na so in gaishe shi, amma baran mai gari na tsaye a bakin hanya. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗauri, hawaye na zuba kan igiya.