Ranar da Zango Ya Koma Baya

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin robobin nan na Sharada ya san Malam Muhyiddeen, amma in da wannan suna ka je nemansa sai ka sha yawo. Ka ce Mai Zango kawai. Shekara ashirin da shida ya yi a tsaye gaban injin buga bokiti, har gwiwarsa ta hagu ta koma yin ƙara duk sanda zai ɗago daga sujada. Sunan kuwa ba a kamfani ya samo shi ba.

An yi wani malami, Malam Ashafa, da ya daɗe yana koya wa leburorin Sharada da Challawa karatu tsakanin tashin masu aikin safe da shigar na yamma. Da ya rasu aka kai shi ƙauyensu, can gaba da Kwanar Dangora. Tun daga nan ɗalibansa maza da mata suke tattaki duk shekara su je su yi masa addu'a, kwana biyu a hanya, ran na uku su isa. Muhyiddeen ke zaɓar inda za a yada zango.

Kada ka ɗauka aikin wasa ne. Saura sati guda a tashi zai hau babur ya bi hanyar. Ba ya yarda da inuwar safe, sai ya zauna gindin bishiya har azahar ya ga inda inuwar ta koma. Ruwan rijiya sai ya kurɓa da bakinsa. In firamare ce za ta ba su aron aji, banɗakin mata yake fara leƙawa, in bai yi masa ba ya yi wa hedimasta godiya mai kyau, ba zai sake ganinsa ba. Maigidan da ya cika "ba komai, ba komai" shi ma ba ya sauka gidansa, wai matan gidan ne za su sha wahalar kuma ba wanda ya tambaye su. Tsirfa dai yana da ita, amma wallahi ba a taɓa kwana da ƙishirwa a hannunsa ba.

Doka ɗaya gare shi, ba ta da sauƙi. Wanda aka kira magariba bai iso zango ba, Musbahu direba zai koma da motar kaya ya ɗauko shi, tattakinsa na shekarar ya ƙare ke nan, a mota zai ƙarasa. Ya yi wa mutane da yawa, har da Hajiya Aina'u shugabar masu girki, wadda ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa.

To, bana likita ya dubi gwiwar ya ce masa, in ma za a yi, wannan ce tafiyar ƙarshe. Bai gaya wa kowa ba. Abin da yake roƙon Allah kawai ya isa kabarin malaminsa da ƙafarsa, sau ɗaya tak da ya rage masa.

Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu, sun wuce Chiromawa, gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Ta kumbura har wando ya ɗame ta. Da yake dama shi ne kullum a ƙarshen ayari, yana kora masu nawa, ya ɗauka ba wanda ya lura. Jama'a suka yi nisa, suka ɓace. Ya karyi reshen darbejiya ya dogara, taku goma ya tsaya, taku goma ya tsaya. Rana ta yi ja, zango kuwa da sauran tafiya mai yawa. Shi ya zaɓe shi, ya san ba zai kai ba.

Can ya hango motar Musbahu tana tahowa. Ya san shi aka zo ɗauka. Ya zauna bakin titi, dattijo da furfurarsa, ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Ba zai roƙi alfarma ba, wanda bai yi wa kowa ba ina bakin roƙo?

Sai dai motar a hankali take tafe kamar ta kai amarya. A bayanta ga mutane nan ɗuu, wani da tabarmi a ka, wani da jarka, mata da tukwane, har da itacen da aka riga aka hura aka kashe. Musbahu ya faka a wani fako, ya diro ya hau sauke kaya, ko kallonsa bai yi ba.

"Musbahu, mene ne haka?"

"Zango muka yada, Malam. Sannunku da isowa."

"Nan? Wa ya ce nan? Ba rijiya, ba katanga, ga gidan tururuwa!"

Hajiya Aina'u ta dire tukunyarta, tana haki. "Ni na ce. Tun hantsi nake kallon ɗingishinku, kuna tsammanin makafi kuke kora? Dokarku cewa ta yi wanda bai iso zango ba. To ga ku a zango, ba a kira salla ba tukuna. In da magana ku faɗa."

Ya dubi jama'ar. Mutum wajen sittin, sun gaji liƙis, sun isa zango, ajin firamaren da aka share musu, sun kuma kwaso kaya sun dawo baya saboda shi. Kunya ta kama shi, daɗi ya kama shi, ya sa gefen rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Aka bar shi ya yi abinsa. Wani ya tada kiran salla a tsakiyar fakon.

Bayan an idar, Hajiya ta aiko masa da ruwan zafi da tsumma, sannan ta zo da kanta ta ajiye masa kwanon shinkafa da wake. Ya daɗe yana juya cokali.

"Hajiya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "wancan karon da na sa ki a mota..."

"Ku ci abinci, Malam, zai huce."

Ya kai loma biyu. "Hutun gobe da hantsi, ke za ki zaɓi wurin."

"Ai na riga na zaɓa," in ji ta, tana gyara mayafi. "Kusa yake."