Kwanukan Juliana da Wasiƙa ta Goma

Ƙarfe biyar da rabi na safiyar Talata, sha bakwai ga Oktoba, Fasto Bartholomew ya riga ya zagaya cocin sau biyu. Cocin ɗaki ne guda dogo a bakin garin Roni, gidansu na jingine da bayansa. A zagaye na uku ya tsaya yana duban darnin kara da maƙwabcinsu Daudu ya kafa jiya, ya tare hanyar shiga gaba ɗaya. Daudu ya ce baburan masu zuwa sujada suna watsa masa gyaɗar da yake shanyawa. Yanzu duk mai son shiga coci sai ya bi ta bayan juji.

Ƙarfe shida matarsa Juliana ta leƙo daga madafa.

"Baban Gloria, darnin bai gudu ba?"

"Yana nan."

"To zo ka sha koko. Shi ba ya jin yunwa."

Ya sha a tsaye. Ta ce ya zauna, ya zauna, bai gama rabin kofi ba ya sake miƙewa. Bakwai saura kwata ta ɗaura ɗankwali ta tafi firamare, inda take koyar da 'yan aji uku.

Ƙarfe tara ya yi sallama a zauren Daudu, aka ce yana gona. Ƙarfe goma ya koma, aka ce bai dawo ba, alhali ga baburinsa a jingine. Ya tsaya yana kallon ƙofar cikin gida, wadda shekara goma sha biyu bai taɓa ƙetare irinta ba a garin, don namiji baƙo iyakarsa zaure. Ƙarfe sha ɗaya ya zauna ya rubuta wa ofishin gundumar ikilisiya wasiƙa, yana roƙon a canza masa wurin aiki. Ya rubuta cewa mutanen cocin sun ragu daga arba'in da ɗaya zuwa sha tara, don yawancinsu 'yan sanda ne da malamai da ma'aikatan jinya, yau a kawo su gobe a ɗauke su. Ya rubuta batun darni. Ya ce ya gaji da yin wa'azi ga bencina.

Ɗaya da rabi Juliana ta dawo, ta ga ambulan a kan tebur. Ba ta tambayi abin da ke ciki ba, hannu kawai ta miƙa.

"Wannan karon da gaske nake," in ji shi.

"Wancan karon ma da gaske kake. Kawo."

Ka'ida ce da ta kafa tun shekararsu ta farko a Roni. Duk wasiƙar neman canji sai ta kwana bakwai a akwatinta, ƙarƙashin zannuwa. In kwanakin sun cika yana nan a kan bakansa, ta ce ita da kanta za ta hau mota ta kai. Sau tara an yi haka, kuma sau tara kafin kwana bakwai abin da ya tayar masa da hankali ya lafa. Shi a ganinsa amsar addu'a ce. Ta buɗe akwatin, ta sa ta goma, ta kulle, ta mayar da makullin jikin ɗan kirtanin da ke wuyanta.

Daga biyu zuwa huɗu tana madafa tana gwaten acca, irin na garinsu, da yakuwa da gyaɗa. Shi kuwa ya shiga ɗaki ya fita, ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya rufe, ya share bencinan da ya riga ya share. Huɗu da rabi ta zuba gwaten a wani kwano mai murfi, fari mai jan fure, ta yafa gyale.

"Ina kuma?"

"Cikin gari."

"Kullum cikin gari. An toshe mana hanya, ke kina rabon abinci."

"Naka yana tukunya. Ka ci a zaune, don Allah, ko sau ɗaya."

Shida da kwata ta dawo hannu wofi, ta ce kanta na ciwo. Ta sha magani. Bakwai da rabi suka yi addu'ar yamma. Ta yi wa 'yarsu Gloria addu'a, wadda ke makarantar kwana a Kano, ta yi wa mahaifiyarta, sannan ta ce Allah ya ba Daudu gyaɗa mai auki. Bartholomew bai ce amin a wannan ba, kuma ta lura, don ta buɗe ido ɗaya ta dube shi.

A Kagoro aka haifi Juliana, shekara talatin da tara da suka wuce. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan, ya rasu tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Mahaifiyarta ce ta riƙe ta har ta gama kwalejin horar da malamai. Ta auri Bartholomew yana shekararsa ta ƙarshe a makarantar tauhidi, mutum mai kaifin baki in ya hau bagade yin wa'azi, marar haƙuri a ƙasa. Kafin Roni ya yi coci biyu cikin shekara huɗu, kowanne shi ya nemi tashi. Da aka turo su nan, abokansa sun ce ba zai ga damina biyu ba. Juliana ba ta taɓa tsayawa gaban jama'a ta yi wa'azi ba, in ban da jagorancin zumuntar mata. Amma ta san matar da ta haihu a unguwa, da wadda aka yi wa rasuwa, da wadda ɗanta ke kwance. Suna, biki, ta'aziyya, ba ta fashi. Mijinta ya ɗauki wannan a matsayin son hira irin na mata.

Ranar Laraba da misalin ƙarfe bakwai na safe Juliana ta faɗi a gindin randa, moɗa a hannunta. Malam Lauwali mai shago ya kawo motarsa. Ba su kai asibitin Kazaure da ita da rai ba. Ranar Asabar aka binne ta a Kagoro kusa da mahaifinta. Ranar Litinin Bartholomew ya mayar da Gloria makaranta, ya dawo Roni tare da surukarsa, wadda ta zo haɗa kayan 'yarta.

Talata ce kwana na bakwai. Tun asuba yake lissafin haka. Ya riga ya faɗa wa kansa cewa yau zai karɓi wasiƙar, gobe ya kai ta. Bai ga abin da zai zauna yi ba. Ya zagaya cocin sau biyu, ya dawo, ya tarar da tsohuwar zaune a madafa ta jera kwanuka a gabanta.

"Baban Gloria, kwanukan nan sha biyu ne. Ni na saya mata su a Kafanchan lokacin aurenku, farare masu jan fure. Huɗu nake gani."

"Ban sani ba, Mama. Wataƙila sun lalace."

"Juliana ba ta yar da kwano. Ko ya huje sai ta shuka albasa a ciki."

Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan buhunan gero, ya duba cikin coci. Babu. Makullin akwatin yana hannun tsohuwar, an cire shi daga wuyan 'yarta a asibiti. Ya buɗe baki zai nema, sai aka yi sallama a ƙofa.

Hajiya Tasalla ce, mahaifiyar Daudu, tana dogara sanda, da wata matar aure mai suna Ma'u a bayanta ɗauke da kwano fari mai jan fure. Suka zauna a tabarma kusa da surukarsa. Shi ya durƙusa daga nesa ya gaishe su. Aka yi gaisuwar rashi, sannan Ma'u ta ajiye kwanon ta buɗe. Fura ce sabuwar kirɓawa.

"Kwanonta ne," in ji Hajiya. "Ba a mayar da shi wofi. Ta kawo min gwate ran Talatar da ta wuce. Na ce mata, ke uwar Gloria, wannan abincin naku sai ka ce wanda aka yi wa marar haƙori. Ta ce ai shi ya sa ta kawo min."

Ma'u ta rufe baki da gefen mayafi. Surukar tasa ma ta ɗan murmusa.

"Ta zauna ta taya mu ɓarar gyaɗa har rana ta yi ja. Ba ta ce komai ba sai da ta miƙe. Ta ce, Inna, akwai wata tsohuwa mai ciwon ƙafa da ke zuwa cocinmu, ba za ta iya hanyar juji ba. In masu babur za su riƙa kashe injin daga bakin titi su turo da hannu, ko za a bar mata 'yar ƙofa? Na ce ta bar ni da Daudu." Hajiya ta juyo ta dubi Bartholomew. "Fasto, ba ka bi ta gaba ba yau?"

"Ta baya na bi, Hajiya."

"To ka bi ta gaba."

Bai iya jira ba. Ya fita, ya tarar an yanke darnin daidai faɗin mutum biyu, an ɗaure gefensa da igiya tsaf. Tun yaushe, bai sani ba. Sau biyu ya zagaya da safen nan, amma da ya hango kan darnin sai ya juya. Ya dawo ya sake durƙusawa.

"Hajiya, ku gafarce ni. Shekarar da aka riƙa jifan rufin coci fa?"

"'Ya'yan ƙanwata ne," in ji Ma'u, idonta a ƙasa. "Uwar Gloria ta je gidan da dafaffiyar doya. Kwanon yana can har yanzu, ana ta musaya."

"Da lokacin da aka kai ƙarar gangar cocinmu wajen mai unguwa?"

"Uwargidansa ta fi kowa sanin wannan," in ji Hajiya. "Kai kana zaure kuna ta ina gajiya ina aiki, ita tana ciki ana magana. Kana tsammanin a zaure ake kashe wuta?"

Bartholomew ya dubi kwanon. Ya tuna sau tara da ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida cewa Allah ya kwantar da fitina, Juliana na zaune a bencin gaba tana cewa amin, ba ta ƙara komai ba. Bai ji cewa ya yi ƙarya ba. Abin da ya ji shi ne bai taɓa tambayar ta wace hanya amsar ta biyo ba, alhali kowace yamma yana ganin ta tana fita da kwano.

"To yanzu ai shi ke nan," in ji shi a hankali. "Ni ba ni da ikon shiga. Ƙofar da take bi ta rufe."

"An ce mana tashi za ka yi."

"Wa ya ce?"

"Ƙafarka. Duk unguwa an san in ka fara zagaye." Ta gyara sandarta. "Ni na tsufa, zaure ba ya gagara ta. In abu ya taso ka aiko da kwano, zan fito in ji. Amma kada ka ce za ka yi gwate da kanka, ka kashe mu."

Bayan sun tafi, surukarsa ta buɗe akwatin. Ta ɗaga zannuwan, ga ambulan goma a jere, kowanne da kwanan wata da rubutun Juliana a kusurwa. Ta zaro na ƙarshe ta miƙa masa.

"Kwana bakwai sun cika. Ta faɗa min ka'idar tun da daɗewa. Ga ta."

Ya karɓa. Ya fita da ita tsakar gida, ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya sake fita har bakin titi inda 'yan acaɓa ke tsayawa, ɗaya ma har ya tayar da babur. Ya dawo ya tsaya a kan tsohuwar.

"Mama, in na kai ta, wa zai karɓi sauran kwanuka bakwai ɗin in an kawo?"

"Ban sani ba. Ni jibi zan koma."

Ya mayar da ambulan cikin akwatin da hannunsa. Ya ce ta kulle, ta tafi da makullin.

Washegari aka raba kayan. Zannuwa goma sha huɗu ne: shida aka ajiye wa Gloria, biyar aka ba matan zumunta, biyu Ma'u ta kai wa wasu mata a cikin gari da Juliana ta taɓa ambata, ɗaya mahaifiyarta ta ɗauka, wanda Juliana ta ɗaura ranar Talatarta ta ƙarshe. Littattafan 'yan aji uku da ta fara dubawa aka mayar makaranta da jan bironta a ciki. Takalmanta ƙafa uku, duk sun cinye ta dunduniya, ba su dace a ba kowa ba, mahaifiyar ta sa su a jakarta. Littafinta Mai Tsarki Gloria ta nema ta waya. Akwatin yana nan ƙarƙashin gado a Roni da wasiƙu goma, makullinsa yana Kagoro. Kwanuka bakwai da ke cikin gari ba a aika neman su ba. Biyar da ke gida aka wanke aka kife a madafa. Ranar Asabar Bartholomew ya sayi lemo a bakin titi, ya cika ɗaya, ya kai zauren Daudu, ya yi sallama, ya zauna a kan dakali yana jiran Hajiya ta fito.