Zanar da Inna Ta Kafa Bayan Aji

Shekarun baya, lokacin da anka soma ba yara abinci makarantar ƙauyenmu can gefen Goronyo, ni ba ruwana. Ina kabu-kabuna, ina kwasar masu albasa zuwa kasuwa, ina shan iskata. Sai iyaye sunka shirya kullum uwa guda ta je ta tsaya kan tukunya ta ga abin da ɗiyanta ka ci. Layi ya zo kan mahaifiyata, tac ce ni ka kai ta. Ni da nib bar makaranta tun aji huɗu don ni da allo ba mu jituwa, wai ni za a maida can da sassahe.

"Inna, mi ya haɗa ni da shinkahwar yara?"

"Abin da ya haɗa ka da tuwona. Tada mashin."

Munka isa. Na samu gindin dogonyaro na miƙe. Tururin shinkahwa da wake na tashi sannu-sannu, iskar hwadama na kawo ƙamshin ɗanyar albasa, yara na rera karatu, ni ko ina tsakanin barci da ido biyu, har ina ganin kaina hedimasta da babbar riga.

Da anka kaɗa ƙararrawa kowa ya ruga da kwanonai. Ban da wasu 'yan Fulani daga rugar bayan gari. Sun amsa dai, amma sun ruhe kwanoni sun zamna suna kallon ƙasa. Cikinsu har da ƙawar ƙanwata, wata 'yar siririya mai yawan gyangyaɗi cikin aji. Ni da bakina, sai nic ce, "Ke 'yar Hillo, ko sai an zuba miki nono?" Yara sunka kwashe da dariya. Ta ƙara dunƙulewa.

Inna ta kai mini ranƙwashi. "Sakarai. Kunya ta. Ba su cin abinci idon mutane na bisansu."

Ashe kullum haka suke, sai an tashi su ɗauki kwanon su tahi, kahin su kai ruga ya yi sanyi, ƙanne sun tare su. Ƙanwata tac ce uban yarinyar ya rantse in dai makaranta ko yunwa ce ko cin abinci idon jama'a, to ɗiyatai ta koma bin maruƙa, can aƙalla tana shan madara. Yarinyar ko har kuka take, don ita karatun ya shige ta.

Wanshekare, ko da layinta ya wuce, Inna ta ciro zanar bayan ɗakinta ta ɗora mini bisa kai. Haka nir ratsa gari, abokaina na ihu wai na koma dillalin zana. Munka kafa ta bayan aji, ta shimfiɗa tabarma ciki, ta tura yaran, ta juya musu baya.

Har yau in na ruhe ido ina ganin wurin nan. Rana na ratsa zanar siri-siri, inuwar kawunansu na motsi, ba ka jin komi sai ƙarar cokali da 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Yarinyar nan yanzu ita ka karanta ma mutanen rugarsu takardar asibiti, in ta gan ni sai ta ce, "Ina mai zana?"

Amma da ƙyar anka kai nan. Kwana kaɗan da kafa zanar sai ga uban yarinyar, da sanda bisa kahwaɗa, daidai lokacin rabo, Inna ko tun ran nan kullum tana wurin.

"Inna, na zo ɗaukar ɗiyata. An ce mini har ta soma cin abinci cikin mutane. Mu ba haka munka taso ba."

"Sannu da rana, Baffa. Wa ya hwaɗa maka?"

"Magana ce ka yawo."

Inna ta nuna zanar da ludayi. "Tana nan ciki. Daga inda kake tsaye, ka gan ta tana ci?"

Ya duba, ya ƙara dubawa. "Ban gani ba."

"To mu ma ba mu gani ba. Koma ga shanunka."